Jagorar Tara Finafinan Almara na Yara Waɗanda Suka Saɓa wa Tsarin da Aka Saba

Akwai wani rukuni na finafinan yara waɗanda da dama daga cikinsu ba su yi kasuwa ba a lokacin da suka fito, iyaye suka yi ƙorafin cewa suna firgita musu 'ya'ya, masu sharhi suka rasa gurbin da za su saka su, amma bayan shekaru talatin ko arba'in sai ga manya masu furfura suna neman kwafinsu ruwa a jallo. Misali mafi kusa shi ne Return to Oz, wanda kamfanin Disney ya fitar a 1985 ƙarƙashin umarnin Walter Murch. Fim ne na yara, amma yana buɗewa da kai yarinya asibiti domin a yi mata magani da wutar lantarki, daga baya kuma ta faɗa hannun wata gimbiya mai ajiye kawunan mata a jere cikin kabad na gilashi, tana zaɓar wanda za ta ɗora a wuyanta. Duk wanda ya tashi yana sauraron tatsuniyar Dodo a ɗakin kakarsa ya san cewa yaro ba ya ƙin tsoro idan an auna masa shi daidai wa daida, kuma irin wannan labarin ne yake manne wa mutum har girma.

Abin da ya kamata mai niyyar tara irin waɗannan finafinai ya fahimta tun daga farko shi ne tarihin fitowarsu a hargitse yake, sau da yawa saboda rashin kasuwa. An datse wasu, an sauya wa wasu suna da kiɗa, an ɗora wa wasu muryoyin da suka canza labarin baki ɗaya, wasu kuma sun shafe shekaru a kulle ba a sake su ba. Saboda haka mai tarawa na gaske ba sunan fim yake saye ba, bugun fim yake saye, kuma dukkan matakan da ke biye sun ginu ne a kan wannan.

Mataki na farko: ƙayyade gonar da za ka noma

Wanda ya ce zai tara duk fim ɗin almara na yara da aka taɓa yi, kuɗinsa za su ƙare kafin ya cika kanta ɗaya da abin kirki. Gara mutum ya zaɓi dangi guda ya san shi ciki da bai. Dangi na farko, wanda ya fi sauƙin samu, shi ne na finafinan 'yan tsana da dabarun hannu na shekarun 1980, kafin kwamfuta ta karɓe aikin. A nan ne ake samun The Dark Crystal na 1982, wanda Jim Henson da Frank Oz suka shirya ba tare da fuskar ɗan Adam ko ɗaya ta bayyana a cikinsa ba, da Labyrinth na 1986 wanda mawaƙi David Bowie ya fito a ciki, da Time Bandits na Terry Gilliam na 1981, da kuma The NeverEnding Story na 1984 da Wolfgang Petersen ya ɗauka a birnin Munich na Jamus.

Dangi na biyu shi ne na gabashin Turai da tsohuwar Tarayyar Sobiyet, kuma a ganina nan ne ma'adinin yake. Karel Zeman na ƙasar Chekoslobakiya ya haɗa 'yan wasa na gaske da zane, har fim ɗinsa na 1958 da ya gina a kan labaran Jules Verne ya zama kamar hotunan tsohon littafi ne suka tashi suna motsi, kuma ya lashe babbar kyauta a bikin baje kolin duniya na birnin Brussels a wannan shekarar. Ɗan ƙasarsu Jan Švankmajer ya fitar da Alice a 1988, inda zomon labarin yake busasshiyar gawar zomo ce da aka cusa wa garin katako, garin yana zuba daga ƙirjinsa yana lashewa. A Rasha akwai Aleksandr Ptushko da Aleksandr Rou, a Jamus ta Gabas kuma akwai finafinan tatsuniya na kamfanin gwamnati na DEFA.

Dangi na uku ƙarami ne amma ya fi kusa da mai karatun Hausa. Lotte Reiniger ta kammala The Adventures of Prince Achmed a Jamus a 1926, bayan aikin shekara uku tana yanka siffofi da almakashi daga kwali da siraran fallayen dalma, tana motsa su a kan gilashi mai haske. Shi ne dogon fim ɗin zane mai motsi mafi tsufa da ya rage a duniya, kuma labarinsa daga Dare Dubu da Ɗaya aka tsamo shi, da dokin sihiri mai tashi sama da fitilar Aladdin. Kusa da shi za a iya ajiye Kirikou et la Sorcière na 1998, wanda Michel Ocelot, Bafaranshen da ya yi ƙuruciyarsa a ƙasar Gini, ya gina a kan tatsuniyoyin Afirka ta Yamma, Youssou N'Dour na Senegal kuma ya yi masa kiɗa. Wanda ya fara da waɗannan biyu ya fara da ƙafar dama, domin yana da ma'aunin da zai gwada su da shi daga tatsuniyoyin gida.

Mataki na biyu: sanin bugu nawa fim ɗin yake da shi

Wannan ne matakin da ya fi cin lokaci, kuma shi ne wanda gaggawa take sa a tsallake. Kafin ka biya ko sisi, nemi sanin tsawon fim ɗin na asali da mintuna, da harshen da aka yi shi, da faɗin hotonsa, sannan ka gwada da abin da aka rubuta a bayan kwalin da ake tallata maka.

Ɗauki The NeverEnding Story. Bugun da aka nuna a Jamus ya fi wanda aka rarraba wa sauran duniya tsawo da kimanin minti bakwai, kuma kiɗansa na Klaus Doldinger ne kaɗai, alhali bugun da mafi yawan mutane suka sani an ƙara masa kiɗan Giorgio Moroder da waƙar da ta yi tashe. Duk biyun halattattu ne, amma yanayinsu ya bambanta, kuma wanda ya mallaki ɗaya bai mallaki ɗayan ba. Lamarin Nausicaä na Hayao Miyazaki, wanda ya fito a Japan a 1984, ya fi wannan muni, domin an datse masa fiye da minti ashirin aka sake shi a Amurka da sunan Warriors of the Wind, aka mayar da labari mai zurfi a kan mutum da muhallinsa ya koma na faɗa kawai. Wannan ne ya sa daga baya Ghibli, kamfanin su Miyazaki, ya kafa sharaɗin cewa ba a taɓa masa fim da almakashi. Abin mamaki, tsohon kaset ɗin wancan gurgun bugun ya zama abin nema a wurin masu tarawa, ba don kyansa ba, sai don shaida ce ta abin da ya faru. Haka aka yi wa Sadko na Ptushko na 1953, wanda aka sake ɗora masa murya a Amurka, aka ce jarumin Sinbad ne, alhali mawaƙi ne na tatsuniyar Rasha daga birnin Novgorod.

Akwai kuma abin da ba za ka taɓa samu ba komai kuɗinka, kuma sanin haka yana kare mutum daga 'yan damfara. An cire wa The Black Cauldron na Disney kimanin minti goma sha biyu tun kafin ya shiga sinima a 1985, kamfanin kuma bai sake shi a kaset a Amurka ba sai a 1998. Idan wani ya ce yana da cikakken bugun da ba a datse ba a faifai na kamfani, to ka riƙe kuɗinka.

Batun faɗin hoto shi ma ba ƙarami ba ne. An ɗauki The Dark Crystal da Labyrinth a hoto mai faɗi sosai, wanda faɗinsa ya ninka tsayinsa fiye da sau biyu, amma yawancin kaset sun yanke gefe da gefe domin hoton ya cika tsohuwar talabijin mai kusurwa huɗu. A fim ɗin da aka ɓata watanni ana sassaƙa ƙananan halittun da ke leƙowa daga gefen allo, yanke gefen daidai yake da zubar da kusan rabin aikin. Sannan kada ka ruɗe idan ka ga bugun Turai na DVD ya gaza na Amurka da minti uku ko huɗu: tsarin talabijin na Turai, wanda ake kira PAL, yana tafiyar da hoto 25 a daƙiƙa maimakon 24 na sinima, don haka fim yana yin sauri da kusan kashi huɗu cikin ɗari ba tare da an cire masa komai ba.

Mataki na uku: zaɓen nau'in faifai da na'urar da za ta kunna shi

Ga wanda burinsa kallo ne da hoto mai kyau, Blu-ray, wanda ya shigo kasuwa a 2006, da faifan 4K da ya biyo baya a 2016, su ne abin nema. DVD yana da muhimmanci har yanzu, saboda finafinan gabashin Turai da dama a nan kaɗai suka tsaya. Kaset na VHS da babban faifan LaserDisc kuwa kayan tarihi ne, ana sayensu don kwalinsu da zanensu ko don wani bugu da bai sake fitowa ba. An daina ƙera sabuwar na'urar kunna kaset tun 2016, lokacin da kamfanin Funai na Japan ya rufe layinsa, saboda haka duk wanda ya shiga harkar kaset ya kwana da sanin cewa zai zama abokin mai gyaran rediyo.

Sai batun shiyya, wanda ni kaina na koye shi da tsada. Na taɓa jiran wani faifai wata biyu daga ƙetare, ranar da ya iso na zauna na saka shi, sai allo ya nuna rubutu layi biyu cewa wannan faifan ba na shiyyar na'urata ba ne, ya tsaya cik. An raba duniya shiyya shida a tsarin DVD: Amurka da Kanada suna ta 1, Turai da Japan da Gabas ta Tsakiya suna ta 2, Najeriya da Nijar da mafi yawan Afirka suna ta 5. A tsarin Blu-ray shiyya uku ce, nahiyar Amurka da Japan suna A, Turai da Afirka suna B, Rasha da Sin da Indiya suna C. Ma'anar wannan ita ce faifan Blu-ray na Ingila ko Faransa ko Jamus ya fi dacewa da na'urar da aka yi wa kasuwar Afirka fiye da na Amurka. Ƙananan na'urorin DVD masu araha da suka cika kasuwanninmu galibi ba ruwansu da shiyya, amma kullen Blu-ray ya fi tsauri, kuma na'urorin wasa irin PlayStation suna bin sa. Faifan 4K ba shi da shiyya, sai dai faifan Blu-ray da ake haɗo shi da shi a kwali ɗaya yana iya zuwa a kulle, kuma sau da yawa a cikinsa ne ƙarin bayanai suke. Idan za ka sayo na'ura daga Amurka, duba bayanta ka tabbatar tana ɗaukar wuta mai ƙarfin 220 zuwa 240, domin ta can 120 ce, kuma jona ta kai tsaye a soket ɗinmu ƙarshenta hayaƙi ne.

Mataki na huɗu: sanin masu bugawa da farashin gaskiya

Manyan kamfanoni ba su cika damuwa da finafinan da suka ja musu asara ba, don haka ƙananan kamfanoni masu gyara tsofaffin finafinai ne suke ɗaukar nauyin. Criterion na Amurka, wanda ya fara da LaserDisc a 1984, ya fitar da Time Bandits, kuma a 2020 ya haɗa finafinan Zeman uku a kwali guda bayan gyaran da aka yi musu da hannun gidan tarihin Karel Zeman da ke birnin Prague. A Ingila akwai Cibiyar Finafinai ta Biritaniya, BFI, wadda ta buga fim ɗin Reiniger da Alice na Švankmajer, da Second Run mai mayar da hankali kan gabashin Turai, da Arrow. Deaf Crocodile na Amurka ya fito da wasu finafinan Ptushko a gyare. Sunan ɗaya daga cikin waɗannan a jikin kwali alama ce mai kyau cewa an koma ga fim ɗin asali, an bar harshensa, an sa fassara a ƙasan allo.

A wajen farashi, ka bambanta kuɗin da mai kaya ya yanka da kuɗin da aka taɓa saya. A shafin eBay ana iya tace sakamako a ga abin da aka riga aka sayar da kuma nawa aka biya, kuma wannan ne farashin gaskiya. Shekaru da dama ana yaɗa jita-jitar cewa tsofaffin kaset ɗin Disney masu tambarin baƙin lu'ulu'u a gefe dukiya ne, alhali miliyoyinsu aka buga kuma ba su da wata daraja ta musamman. Abin da yake tsada da gaske shi ne wanda aka buga kaɗan kuma izinin bugawar ya ƙare. Ko a nan ma haƙuri yana da riba, domin bugu mai iyaka da ke zuwa da ɗan littafi da kwali mai kauri yakan samu ƙane mai araha bayan wasu watanni, faifan ciki kuma iri ɗaya ne. Ga mai saye daga Kano ko Maraɗi, kuɗin dako da na kwastan sukan zarce kuɗin faifai guda, don haka hikima ita ce a tara oda a aiko ta lokaci ɗaya, ko a ba ɗan uwa mai dawowa daga tafiya saƙo. Kada kuma a raina tulin kayan gwanjo da ake shigowa da su daga Turai, inda wani lokaci akan tsinci faifan asali a cikin kwali ɗaya da tsofaffin littattafai.

Mataki na biyar: duba kaya kafin biya

Juya faifan ka kalli ƙasansa a haske. DVD da aka buga a masana'anta ƙasansa ruwan azurfa ne ko zinariya-zinariya, wanda aka kwafa da kwamfuta kuwa yakan yi shuɗi ko ruwan hoda mai duhu, kuma za ka ga iyakar inda rubutun ya tsaya. A zoben tsakiya na faifan asali akwai ƙananan lambobi da haruffa da aka hatimce, galibi har da kalmar IFPI. Hoton kwalin jabu yakan yi dishi-dishi, ƙananan rubutun ƙasa ba sa karantuwa. Ɗaga faifan saitin taga: idan haske yana ratsowa ta wasu ƙananan huji kamar na allura, ko gefensa ya yi tsatsa-tsatsa, ya fara ruɓewa kuma ba ya gyaruwa. Ga kaset, leƙa ta tagar robar da ke gabansa. Idan ka ga farin gari ko zare-zare kamar saƙar gizo-gizo a kan naɗin, fumfuna ce, kuma saka shi a na'ura zai shafa wa duk kaset ɗin da ya biyo baya. Kayan Japan sukan zo da wata siririyar takarda da aka naɗe a gefen kwali, wadda suke kira obi, kuma rashinta yana rage daraja a wurin masu tarawa, don haka kada ka yar da ita a zaton talla ce.

Mataki na shida: fosta da sauran takardu

Wannan fage ne mai zaman kansa, kuma zan taɓa shi ne kawai. Fostar sinima ta Amurka kafin tsakiyar shekarun 1980 tana da inci 27 a 41 kuma a ninke ake aika ta gidajen sinima, saboda haka layin ninki a jikinta ba aibu ba ne, sau da yawa ma shaida ce ta asali. Ta Ingila a kwance take, inci 30 a 40. Fostocin Poland da Chekoslobakiya sun yi suna saboda masu zanensu ba sa kwaikwayon hoton fim, fassara shi suke yi da tunaninsu. A Gana kuma, daga ƙarshen shekarun 1980, masu yawo da talabijin da janareta suna nuna fim ƙauye-ƙauye sun riƙa sa a zana musu fosta da fenti a kan buhun fulawa, kuma yau masu tarawa a Turai da Amurka suna rububinsu. Har yanzu ana zana sababbi bisa oda, don haka a tambayi mai sayarwa ko tsohuwa ce da ta yi yawo ko sabuwa ce.

Mataki na bakwai: ajiya

Yanayinmu ba ya raga wa roba da takarda. Zafin bazara yana lanƙwasa faifai da kaset, ƙurar hunturu tana karce su, laimar damina tana kawo fumfuna, gara kuma tana iya cinye kwalaye talatin ta baya alhali gabansu yana nan lafiya lau. Ajiye komai a tsaye kamar littattafai, a kabad mai ƙofa, a ɗakin da ya fi sanyi a gidan, nesa da taga da kwanon rufi, kuma a ɗaga kabad ɗin daga ƙasa a janye shi kaɗan daga bango. Ƙananan ƙunshin shanye laima da ake samu a kwalin sababbin takalma suna da amfani a cikinsa. Kaset ya nisanci lasifika saboda maganaɗisun da ke cikinta. Faifai ana goge shi da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ba a zagaye ba. Fosta kuma ba a manna mata salatif ko a like ta da roba mai zafi, domin hakan yana kashe darajarta nan take.

Mataki na takwas: rajista, da kallo kafin a tara yara

Buɗe littafi ko shafi a kwamfuta ka riƙa rubuta sunan fim na asali, da shekararsa, da kamfanin da ya buga, da shekarar bugun, da shiyya, da tsawonsa, da harsunan da ke ciki, da inda ka saya da nawa. Bayan faifai hamsin ƙwaƙwalwa ba ta riƙe wannan, kuma rajistar ce za ta hana ka sayen abu ɗaya sau biyu. Duk sabon faifai a kalle shi daga farko har ƙarshe cikin makon da ya iso, tun ana iya mayar da shi idan yana da matsala.

Wannan kallon na farko yana da wani amfanin, domin tambarin shekaru da ke jikin kwali ba abin dogaro ba ne a wannan rukuni. Hukumar tace finafinai ta Biritaniya ta ba Watership Down na 1978, labarin zomaye mai cike da jini da mutuwa, shaidar cewa ya dace da kowa, kuma sai bayan fiye da shekara arba'in ta ɗaga shi zuwa matakin da ke buƙatar kulawar iyaye. Akwai kuma abin da ma'aunin Turai ba ya ƙirgawa amma gidan Bahaushe yana ƙirgawa, kamar yadda aka zana matan ƙauyen Kirikou ba riga, abin da ya kawo wa fim ɗin cikas wajen rarraba shi a Amurka da Ingila ma. Rubuta a rajistarka, a gefen kowane fim, minti nawa ne wurin da ya fi tsanani da kuma shekarun yaron da kake ganin zai iya ɗauka. A The NeverEnding Story, alal misali, wurin da dokin jarumin yake nutsewa a cikin taɓo yana zuwa ne tun kafin a kai rabin fim, kuma ya fi kyau babba yana zaune kusa da yaron idan an iso nan.